Sojan Gona A Zaure

 Yau ba zancen girki ko renon yara za mu yi ba. Zancen kaki ne, da kuma dokokin da ake ta kai wa gaban majalisu a ƙasashe dabam dabam don a hukunta wanda ya yi shigar soja alhali shi ba soja ba ne, da wanda ya ɓata wa soja suna. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da wannan. To, 'yar uwa, bari in ba ki labarin abin da ya faru a unguwarmu, sa'an nan ki yanke hukunci da kanki.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji shida, yanzu tana sakandare. Mahaifinsu ya rasu, uwar ce ke riƙe da su da sana'ar ƙuli-ƙuli. Sai wani saurayi ya fara zuwa zance wurinta bayan magariba, cikin kaki mai kari, takalmi sai sheƙi, ga igiya biyu a damtse. Ya ce shi kofur ne, bai daɗe da dawowa daga Maiduguri ba. In ya shigo layin, yara su yi ta sara masa, shi kuwa ya raba musu alewa. Uwar ta yi murna, ni kuma ban ga laifinta ba. Wace gwauruwa ce za ta ƙi suruki mai albashi duk wata, wanda ganinsa kaɗai ya isa ya sa zauna-gari-banzan unguwa su sake hanya?

Da aka yi wata biyu sai ya ce ana ɗaukar sababbin kurata, kuma yana da hanya a wurin ogansa, zai sa sunan yayan yarinyar, amma fa sai an ɗan shafa wa oga wani abu. Matar nan ta kwashi adashinta, ta sayar da tumaki biyu, ta haɗa masa naira dubu 180.

Wani tsohon samanja mai ritaya, da ke zama a dakalin ƙofar masallaci, shi ne ya tona asirin. Ya daɗe yana kallon yadda yaron ke kafa hularsa, abin bai kwanta masa ba. Ran nan ya kira shi, suka gaisa, ya tambaye shi lambarsa, da bataliyarsu, da sunan kwamandansu, da shekarar da ya fito daga Defo a Zariya. Tsohon ya gaya mana daga baya cewa soja na gaske ko daga barci ka tashe shi zai karanto maka lambarsa ba gargada. Wannan kuwa sai inda-inda. Samanja ya ce ba kome, gobe da safe ya zo ya raka shi bariki, yana son ya gaisa da masu jar hula, watau 'yan sandan soja. Gari ya waye, ba kofur ba alamarsa, waya kuma a kashe. Ashe wanki da guga yake yi a bakin wani bariki, kakin ma na mai kawo wanki ne.

Kuɗi sun tafi, amma ba su ne suka fi ci mini rai ba. Yarinyar nan ta yi zango guda ba ta leƙa makaranta ba, saboda duk inda ta gifta sai a yi ta nuna ta da baki ana cewa ga amaryar kofur. Mu mata muka fi kowa yi mata wannan, kuma ya kamata mu ji kunya.

Hausa ta daɗe da sunan irin wannan mutum, sojan gona. Doka ma ta daɗe da saninsa. Kundin laifuffuka na Kudancin Nijeriya, wanda aka gada tun zamanin Turawa, ya hana wanda ba soja ba sa kaki ba da izini ba, sai dai a wasan kwaikwayo. Amma kin san hukuncin da aka rubuta a sashe na 110? Ɗaurin wata 1, ko tarar naira 10. Naira goman da yau ko kwalin ashana ba za ta saya miki ba! In an tabbatar mutum ya sa kakin ne don a ɗauka shi soja ne, wani sashen ya kai hukuncin shekara 1. A nan Arewa kuma kundin Final Kod na 1959 ya sa laifi ne mutum ya yi shigar ma'aikacin gwamnati ko ya riƙe alamarsa don ya yaudari jama'a. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ita ma ta taɓo masu shiga rigar wani a waya, irin waɗanda ke satar hoton hafsa su buɗe shafi a Facebook da sunansa, su yi ta yi wa mata daɗin baki har su ce a turo musu kuɗin mota za su zo a yi maganar aure.

Kada ki ɗauka ɓarnar kakin aro ta tsaya a kuɗin adashi. Ku 'yan makarantar kwana, ku riƙe wannan. A daren 14 ga Afrilu 2014, mutanen da suka shiga makarantar 'yan mata ta Cibok cikin kayan soja suka shiga. Waɗanda suka kuɓuta sun ba da labarin yadda aka ce musu su fito, soja ne, an zo a kai su inda za su tsira. Yara suka fito saboda sun yarda da kaki. An kwashe 276, kuma har aka cika shekara 10 a 2024 fiye da 80 ba su dawo gida ba. Saboda haka duk wanda ya ce a tsananta wa mai satar kaki, ni dai ina bayansa, kuma ina zaton ke ma haka.

Sai dai akwai wani hanzari. Masu kawo irin waɗannan dokoki sukan ƙulle abu biyu a ƙunshi ɗaya, kamar mai tallan da ba za ta sayar miki da tumatir ba sai kin haɗa da ruɓaɓɓen attarugu. Na farko shi ne hukunta sojan gona. Na biyu shi ne hukunta wanda ya faɗi maganar da ta zubar da mutuncin soja. Da jin su sai ki ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ni kuwa da na zauna na karanta yadda abin ya kasance a wurare, sai na ga akwai rata mai yawa a tsakaninsu.

Mu fara da Amurka, inda aka yi shari'ar da ta fi kowace suna a kan wannan batu. A ƙarshen 2006 Shugaba George Bush ƙarami ya sa hannu a wata doka da ta ce duk wanda ya yi ƙaryar an ba shi lambar yabo ta soja za a iya ɗaure shi wata 6, in kuwa babbar lambar ce har shekara 1. Ba sai ya cuci kowa ba, faɗin ƙaryar kaɗai ya isa. A 2007 sai wani mai suna Xavier Alvarez, wanda aka zaɓa a hukumar ruwan sha ta wani yanki a Jihar Kalifoniya, ya miƙe a taro ya gabatar da kansa. Ya ce ya yi shekara 25 yana aikin soja, an sha harbinsa, kuma a 1987 an ba shi lambar da ta fi kowace daraja a ƙasar. Ko rana ɗaya bai taɓa yin soja ba. Mutumin dama gwanin shara ƙarya ne, har ya taɓa cewa ya auri wata tauraruwar fim daga Meziko. Kowace unguwa tana da irinsa, namu ya ce da shi aka yi yaƙin basasa alhali a lokacin ko yaye shi ba a yi ba.

Aka gurfanar da Alvarez, aka ci shi tarar dala 5,000. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. A watan Yuni 2012 alƙalai 6 cikin 9 suka rushe dokar. Ba wai sun ce ya yi daidai ba, sun nuna ƙyamar abin da ya yi ƙarara. Abin da suka duba shi ne, in aka bai wa gwamnati ikon ɗaure mutum saboda ƙarya zalla, wadda ba ta ci dukiyar kowa ba, to ba a san inda ikon zai tsaya ba. Suka nuna cewa akwai hanya mai sauƙi, a ajiye sunayen waɗanda aka bai wa lambobin a inda kowa zai iya dubawa, maƙaryaci ya sha kunya a bainar jama'a. Ma'aikatar tsaronsu kuwa ta buɗe shafin sunayen a wannan shekarar. A 2013 majalisa ta sake rubuta dokar, Shugaba Obama ya sa hannu. Sabuwar ta ce laifin shi ne ka yi ƙaryar lambar don ka sami kuɗi, ko dukiya, ko wani amfani na zahiri. Kin ga ke nan kofur ɗinmu na unguwa irinsa ake nufi, tsohon da ke cika baki a majalisar shayi kuma a bar shi da masu yi masa dariya. A Ingila ma wani ɗan majalisa, Gareth Johnson, ya kawo makamancin wannan ƙuduri a 2016, amma lokacin muhawara ya ƙare masa a 2017 bai zama doka ba.

Yanzu ga rabi na biyu, na ɓata suna. Ba na raina zafinsa. Ina da ƙawa matar soja, mun yi makarantar horon malamai tare. Mijinta yana daji, wani lokaci sai ta yi sati uku ba ta ji muryarsa ba. Ta shiga mota ta ji ana cewa sojoji duk ɓarayi ne, da su ake raba kuɗin fansa, ga 'ya'yanta a gefe suna ji. Ko kuma ta buɗe waya ta ga an yaɗa hoton gawa an ce 'yan bataliyarsu ne, ta kwana ba ta runtsa ba, da safe a ce tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Wanda bai zauna da matan bariki ba bai san abin da suke haɗiyewa ba. In kin ji magajiyar bariki tana neman a yi dokar da za ta rufe bakin mutane, daga nan abin ya taso.

Amma ki dubi yadda irin wannan doka take aiki in ta fita daga takarda. A Pakistan, a watan Afrilu 2021, wani kwamitin majalisa ya amince da ƙudurin da ya ce wanda ya yi wa rundunar soja ba'a ko ya zubar mata da mutunci da gangan a ɗaure shi har shekara 2, ko tarar rufi dubu 500, ko duka biyun. Har wani minista na gwamnatin da ke ci a lokacin, Fawad Chaudhry, ya fito ya soki abin, yana nuna cewa girma samunsa ake yi, ba a ɗora wa mutane shi dole. A Rasha kuwa, a watan Maris 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙin Yukiren, aka yi dokar da ta kai ɗaurin shekara 15 ga mai yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da soja, da wani hukuncin ga mai zubar da darajar runduna. Abin da ya tsaya mini a rai, ni da nake malama, shi ne na wata yarinya 'yar shekara 12 a garin Yefremov. A darasin zane ta zana uwa da ɗa ana harbo musu makamai, ta rubuta kalmar ƙin yaƙi. Makaranta ta kira 'yan sanda. Aka bincike mahaifinta, wanda shi kaɗai ke riƙe da ita, aka tono abin da ya rubuta a intanet, a 2023 kotu ta yanke masa shekara 2, ita kuma aka fara kai ta gidan renon yara na hukuma. Ina duban 'yan ajina suna zane ranar Alhamis, in tuna da wannan.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Ku tambayi iyayenku labarin Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer a Fatakwal. A 1973 ya rubuta labarin koke-koken malaman makaranta na Jihar Ribas, mu dai malamai kullum da kukanmu, sai labarin ya fito daidai ranar bikin haihuwar gwamnan soja na jihar. Aka kama shi, aka aske masa kai, aka yi masa bulala 24. Daga baya kotu ta ce a biya shi diyya. Wancan ba doka aka bi ba, ƙarfi ne kawai. Amma a 1984 gwamnatin Janar Buhari ta mai da abin doka, watau Doka ta 4, wadda ta hana buga labarin ƙarya game da jami'in gwamnati, ta kuma hana duk labarin da zai jawo masa raini. Ki lura da wannan na biyun, domin gaskiya ma tana jawo raini. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara 1 kowannensu, a kan labarin waɗanda za a naɗa jakadu. Janar Babangida ya soke ta da ya hau mulki a watan Agusta 1985.

To, wa irin wannan doka za ta fara kamawa in an dawo da ita da sunan kare soja? Na gaya wa ƙawata, ina jin tsoron ku za ta fara kamawa. A watan Agusta 2014 matan sojoji ne suka tare ƙofar barikin Giwa a Maiduguri, da 'ya'yansu, suna ƙona tayoyi, suka ce ba za a kwashi mazansu zuwa Gwoza ba sai an ba su makaman kirki. Da akwai dokar zubar da mutuncin runduna, ai ba abin da ya fi wannan kama da shi. Amma a 2015 gwamnati ta kafa kwamitin binciken kuɗin sayen makamai, aka kuma gurfanar da manya a kotu bisa zargin karkatar da su. Matan nan sun riga kwamiti magana da shekara guda. Haka kuma a daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bom a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Mutanen ƙauyen suka yi magana, 'yan jarida suka ɗauka, rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, shugabanta na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya ba da haƙuri. A ganina zuwan nan nasa ya ƙara wa kaki daraja fiye da ɗaure mutum ɗari. Uwar da ta rasa 'ya'ya uku a daren, in tana tsoron kurkuku, da wane baki za ta faɗi wanda ya kashe su?

Kuma ba wai soja ba shi da gata a doka ba ne. In wani ya kama sunan mijinki ya ce ya yi sata ko ya sayar da makami, alhali ƙarya ne, dokar ɓata suna da ke kare malami da ɗan kasuwa shi ma tana kare shi, yana iya kai ƙara. Abin da sababbin ƙudurorin kan ƙara shi ne su mai da runduna gaba ɗayanta kamar mutum guda mai jin zafin magana, sa'an nan wanda ake kuka da shi ya zama shi ne mai cewa an zage shi. Ni a ajina ba na barin monita ya rubuta sunan wanda ya kawo ƙararsa cikin masu surutu.

Saboda haka in wakilinku ya zo neman ƙuri'a, ko kika ji ana karanta irin wannan ƙuduri a rediyo, ki kasa kunne ki ji wanne rabin ake nufi. In na masu sayar da kaki a kasuwa ne ba tare da tambayar katin shaida ba, da telolin da ke ɗinka wa kowa, da tarar naira 10 da ta tsufa, da samar da lambar waya ko ofishin da uwa za ta je ta tambaya ko wane sojan gaske ne, wannan ki goyi baya da ƙarfinki.

Kafin a yi dokar kuwa, ga abin da samanja ya koya mana, na kuwa rubuta a allo na sa 'yan aji shida suka kwafa. Shiga soja kyauta ne, rundunar da kanta tana nanata haka duk lokacin da za ta ɗauki kurata, don haka wanda ya ce ki kawo kuɗi a sa sunan ɗanki ɓarawo ne ko da kakinsa na gaske ne. Kurata a Defo ake horar da su, hafsoshi kuma a makarantar NDA ta Kaduna, wanda ya kasa faɗin inda ya yi horo da shekarar da ya fito, a yi hattara da shi. Mai neman aure na gaskiya ba ya jin haushi don waliyyi ya ce zai bi shi bariki ya ga inda yake aiki, ya gaisa da na gaba da shi. Kusan kowace unguwa akwai tsohon soja, a kai masa baƙon su gaisa, minti biyar ya ishe shi. Ku kuma 'yan mata, hafsan da kuka haɗu da shi a waya, wanda kullum kyamararsa ta lalace, kullum yana bakin daga, kuma albashinsa ya maƙale sai kin tura masa na kati, ki nuna wa yayanki ko malamarki saƙon tun kafin ki tura ko kwabo.

Yarinyar tamu ta koma makaranta bayan hutun ƙaramar salla. Ni da shugabar makarantarsu muka je gidan sau uku kafin ta yarda, a na ukun ma sai da samanja ya sa baki ta bayan labule. Matan layin da suka fi kowa yi mata dariya su ne suka sake buɗe adashi, suka ce uwar ta fara ɗauka. Yayan nata ya cika takardar shiga soja da kansa a shagon kwamfuta na bakin kasuwa, abin da ya kashe bai wuce kuɗin buga takarda da na hoto ba, yanzu yana jiran a kira su tantancewa. Mai wankin kuwa har yau ba a gan shi ba, sojan da ya ba shi kakin wanki ma nemansa yake yi.